Allurar geji ta sauka, bututu kuma ba ya yoyo: amsar tana nan tun 1803

Ka ɗauka kai ne injiniyan da aka ba gwajin sabon bututu. An cika shi da ruwa, an tura matsi da injin, an rufe bawul, kowa ya tafi. Da safe ka zo ka tarar allurar geji ta sauka. Abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne akwai yoyo, a kawo masu tono. To dakata tukuna, don wani lokacin babu ko ɗigo ɗaya da ya fita.

Bari mu koma baya. Me ya sa ma ake gwaji da ruwa? A ƙarni na 19 tukwanen tururi na jirage da masana'antu sun kashe mutane ba kaɗan ba. Ranar 27 ga Afrilun 1865 tukunyar jirgin ruwan Sultana ta fashe a kogin Misisifi na Amurka, mutum fiye da 1,100 suka mutu. A 1905 wata ta tashi da masana'antar takalma ta Grover a jihar Masacuset, ta ci rai 58. Bayan irin waɗannan ne ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta fitar da ƙa'idarta ta tukwanen tururi ta 1914.

Dalilin zaɓar ruwa a gwaji mai sauƙi ne: ruwa ba ya matsuwa. Ko ka kai shi ba 100, wato kusan ninki ɗari na matsin iskar da muke shaƙa, bai fi rabin kashi ɗaya cikin ɗari zai ragu ba. Iska kuwa sai ta koma kusan kashi ɗaya cikin ɗari na girmanta, ta riƙe duk ƙarfin nan kamar sifirin da aka danne. Bututu mai ruwa in ya gaza, tsagewa yake ya zubar. Mai iska bam ne kawai.

Matsalar ita ce bututu ba ya tafiya a miƙe. Yana hawa tudu yana gangara kwari, iska kuma sai ta maƙale a wuraren da suka fi tsayi. A nan William Henry ya shigo, wani likita kuma masanin sinadarai ɗan Mancesta a Ingila. A 1803 ya wallafa gwajinsa da ya nuna cewa yawan iskar da ruwa ke shanyewa yana tafiya daidai da matsin da aka yi mata: ninka matsi, ka ninka abin da zai narke. Kai ma ka san wannan, ko ba ka san sunansa ba. Kwalbar Coca-Cola a rufe ba ka ganin kumfa, da ka buɗe sai ta taso.

Yanzu duba lissafin. Lita ɗaya ta ruwa tana riƙe da iska wajen mililita 20 a matsin da muka saba. A ba 10 za ta iya ɗaukar kusan ninki goma. Sai dai ba nan take take shanyewa ba, sannu a hankali ne, awa bayan awa. Iskar da ta maƙale tana narkewa, gurbinta yana buɗewa, matsi yana sauka, geji kuma bai san bambancin wannan da yoyo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne akasin haka. Iska mai yawa a ciki tana iya ɓoye ƙaramin yoyo na gaske: ruwa na ɗiga, ita tana buɗewa tana cike gurbin, allura da ƙyar take motsi. Sai a sa hannu a takarda a ce ya ci gwaji, a rufe shi da ƙasa.

Shi ya sa masu aikin manyan bututu, irin na gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ba sa cika ruwa da ka. Ana tura wani toshe da ake wa laƙabi da alade a gaban ruwan ya kore iska, a buɗe bawul na kan tudu, a bar ruwan ya huce ya daidaita da zafin ƙasa kafin a fara ƙirga awannin gwaji. Ana kuma rubuta yawan ruwan da aka ƙara da yadda matsi ke hawa. In layin ya lanƙwasa daga farko, akwai iska.

In mai famfo zai gwada layin gidanka kafin a sa tayil, ce masa ya buɗe famfon da ya fi tsayi har ruwa ya daina tari, sannan ya rufe ya tura matsi.