Dokar intanet a Nijar: gidan kaso ya fita, ya dawo

Tarihi nake koyarwa a wata CEG, kuma kullum ina ce wa ƴan lakwal su riƙa lura da ranar da doka ta canza, da wanda canjin ya taɓa. Bari yau in bi dokar intanet ta ƙasarmu da wannan ido.

A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Janar Salou Djibo, aka cire hukuncin gidan kaso daga laifukan aikin jarida. Wanda ya ɓata sunan wani a jarida, tara ce a kansa. A 2011 shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain, mai kira ga ƙasashen Afirka su daina ɗaure mutum don ɓata suna. Mun yi murna a lokacin.

Daga nan salula ta cika hannun jama'a, zagi da ƙazafi suka koma WhatsApp. Ranar 3 ga Yuli 2019 aka fito da doka mai lamba 2019-33 don hukunta laifukan intanet. Buƙatar kam akwai ta. Sai dai aya ta 29 ta dawo da kaso ta bayan fage: ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Ke nan maganar da in a jarida ka buga ta tara kawai za ka biya, in a Facebook ka rubuta ta sai ka kwana a kaso.

Ba a jima ba aka gwada ta. A Yunin 2020 aka kama ƴar jarida Samira Sabou a Yamai, bayan ɗan shugaban ƙasa ya shigar da ƙara kan wani rubutu na Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. Ta yi kwana 48 a tsare kafin alƙali ya sallame ta. A 2022, zamanin Bazoum Mohamed, majalisar dokoki ta cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. A Yunin 2024 Janar Tiani ya maido da shi, ɓata suna ya koma shekara 1 zuwa 3.

Sau huɗu ke nan cikin shekara 14, kuma duk gardamar tsakanin manya da ƴan jarida take.

Bara wani yaro ya haɗa hoton wata ɗalibata da hoton tsiraici, ya watsa a zauren WhatsApp na ajinsu. Doka ta hana wannan, ta kuma tanadi hukunci. Na samu mahaifinta a gida, na ce mu kai ƙara kwamisariya. Ya yi shiru, sannan ya ce: “Mushe, in muka je, waɗanda ba su gani ba ma za su nema su gani.” Ban iya ba shi amsa ba, don ni ma ban san ofishin da zai saurari yarinya cikin sirri ya sa a goge hoton ba. Bayan hutun kwata ba ta dawo lakwal ba. Yaron yana aji na gaba yanzu.