Haramcin Barasa da Yaƙin Basasa: Giɓin Fatakwal a Ƙagaggun Labaran Hausa

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ita ce tushen hana shigar da barasar Turawa Arewacin Nijeriya, alhali kuwa a Kudu harajinta na daga cikin jigogin kuɗin shiga na gwamnatin mulkin mallaka. Da aka tsawwala harajin, sai dafa ogogoro a ɓoye ya bazu a farkon shekarun 1930, ana safararta cikin kwale-kwale ta rafukan da suka kewaye Fatakwal, inda Kasuwar Creek Road take. Fatake Hausawa sun zauna a wannan gari har rikicin 1966 ya tarwatsa su. Yaƙi ya biyo baya, sojojin tarayya suka karɓe garin a watan Mayun 1968.

A kan wannan yaƙi ne Ken Saro-Wiwa ya gina soyayyar Mene da Agnes, wadda ta faro daga wata mashaya a Diobu, cikin littafinsa Sozaboy na 1985. A Hausa kuwa, Turmin Danya ya taɓo fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa ya bi sawun sojan da yaƙi ya kangarar, amma duka biyun ba su tsaya kan Bahaushen Fatakwal ba. Ga shi kuwa dattawan da suka ga gudun 1966 da idonsu sai ƙarewa suke yi.