Tarihin Rajista da Tsaron Ƙofa a Sabar Unix

Al'adar da masu kula da sabar ke bi a yau, ta rubuta duk wanda ya nemi shiga da kuma tantance wanda za a bari, ta bunƙasa ne a jami'o'in Amurka da Turai. Sabar ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa, kuma a farkon shekarun 1980 yawancinsu suna amsa kowane kira ba tare da bincike mai tsanani ba, domin masu amfani da su kaɗan ne. A wannan zamanin ne Eric Allman, na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ƙirƙiri syslog, wato manhajar da ke tattara saƙonnin sauran manhajoji a kundi guda. A 1986 kuma tsarin Unix mai suna 4.3BSD ya zo da manhajar inetd, wadda ke zaune tamkar mai gadi a zaure, tana sauraron kira tana tada hidimar da aka nema, sai dai ba ta tambayar baƙo daga ina ya fito.

Wannan giɓin ne Wietse Venema ya toshe a 1990, lokacin da wani mai kutse ya addabi kwamfutocin Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan yana share bayanansu. Manhajarsa, TCP Wrappers, da farko rubuta sunan kwamfutar da kira ya fito kawai take yi domin a bi sawun ɓarawon, daga baya ne aka ƙara mata fayil biyu, hosts.allow da hosts.deny, waɗanda ke jera wanda aka yarda wa da wanda aka hana. Rajista, ke nan, ta riga hani zuwa, kuma hakan ya dace, tunda ba a iya korar wanda ba a san da zuwansa ba.

Manhajar xinetd, wadda Panagiotis Tsirigotis ya rubuta, ta haɗa ayyukan biyu, rajista da hani, wuri guda, ta kuma ware sashe na musamman inda ake rubuta ƙa'idar rajista da ta izini sau ɗaya, kowace hidima ta gaje ta sai in an ba ta tata ta daban. Daga baya, OpenSSH, manhajar shiga sabar daga nesa, ta daina aiki da TCP Wrappers a 2014, kamfanin Red Hat kuma ya cire TCP Wrappers daga tsarinsa a 2019, aikin tace kira ya koma hannun katangar tsaro da manhajar systemd.