Tumatirin da ya sha ruwan gishiri

Tun da cacar baki ta kaure kan masarar TELA da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a Najeriya, wani mai karatu ya tambaya ko masu sauya ƙwayoyin halittar tsirrai sun taɓa ɗaukar alkawari suka kasa cikawa. Sun taɓa, kuma tumatirin Eduardo Blumwald ne shaida.

A 2001 Blumwald, ɗan asalin Ajantina, shi da Hong-Xia Zhang suka sanar cewa sun ƙara wa tumatir ƙwayar halitta mai suna AtNHX1, wadda suka ciro daga wata 'yar ciyawa, Arabidopsis. Aikinta shi ne kwashe sodiyom ta kulle shi a wani ɗan rumbu cikin tantanin tsiron, yadda ba zai yi ɓarna ba. Tumatirin ya yi fure, ya yi 'ya'ya a ruwan da gishirinsa ya haura sulusin na teku. Gishirin ya taru a ganye, 'ya'yan kuwa ba su yi zartsi ba. Jaridu suka ɗauka, har aka fara maganar farfaɗo da gonakin ban-ruwa da gishiri ya kashe.

Sai Tim Flowers na Jami'ar Sussex a Ingila ya yi wa murnar cikas. A 2004 ya zauna ya tantance maƙalu 68 da aka wallafa daga 1993 zuwa farkon 2003 kan irin waɗannan tsirrai. Guda 19 kaɗai suka auna girman tsiron da alƙaluma, cikinsu kuma 4 ne suka yi gwajin yadda ya kamata. Hujjarsa ita ce jure gishiri aikin ƙwayoyin halitta ne masu yawa, kuma tukunya a ɗakin gwaji ba gona ba ce. A ganina Flowers ya fi gaskiya, domin har yau tumatirin bai iso hannun manomi ba.

Abin da ya iso gona ta tsohuwar hanyar auren iri ya biyo. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin ta gano sashen ƙwayoyin halitta mai jure gishiri, Saltol, a jikin Pokkali, shinkafar gargajiya ta manoman Kerala a Indiya, Bangaladash kuma ta fitar da irin BRRI dhan47 mai jure gishiri a 2007. A 2012 Rana Munns da abokan aikinta a Ostireliya suka shigar da halin Nax2 daga wata tsohuwar alkama zuwa alkamar durum, amfanin ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari a gona mai gishiri.