Gonar gado a kotun shari'ar Musulunci: ƙa'idojin da alƙali ke bi a arewacin Kaduna

A Kurmin Kogi da sauran garuruwan Ikara, Maƙarfi da Kudan, gona ce babbar dukiyar da akasarin magidanta ke bar wa iyalansu. Idan magada suka kasa daidaitawa, maganar kan kai ga kotun shari'ar Musulunci. Waɗannan kotuna sun fara aiki a Jihar Kaduna a watan Nuwamban 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, bayan rikicin shari'a na shekarar 2000. A tsarin sulhun da aka yi, an kafa su tare da kotunan gargajiya a madadin kotunan yanki.

Littattafan da ake dogaro da su

A shari'ar laifuka, Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a rubuta kowane laifi da hukuncinsa cikin doka. A sha'anin gado kuwa, alƙali na komawa ne ga littattafan fiƙihun Malikiyya, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Mukhtasar na Shehu Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, malamin Andalus. Su ne littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Zariya, haka kuma ana nazarin su a Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ke gaban rabo

Ba a raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, sannan an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Saboda haka bashin taki ko rancen banki da mamaci ya bari yana gaban haƙƙin 'ya'yansa.

Idan mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, ba shi da iyaye a raye, ana kasa gonar kashi 24. Matar ta ɗauki 3, wato tumuni, ɗan ya ɗauki 14, 'yar kuma 7. Al'adar barin gona a hannun 'ya'ya maza, a riƙa aika wa mata ɗan hatsi bayan girbi, ba ta soke rabon 'ya mace. Aure ma ba ya soke shi.

Shuf'a da hauzi

Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar wa bare da kasonsa kafin a raba gonar, abokan tarayyarsa na da ikon karɓe kason a kan farashin da aka sayar. Wannan ita ce shuf'a. Tana faɗuwa da zarar an raba gona an ja iyaka, ko kuma idan mai haƙƙin yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta zagayo. A 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa a Malikiyya maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum wannan haƙƙi.

Sai kuma hauzi. Wanda ya ga bare yana noma gonarsa a matsayin mai ita har shekara 10, bai yi magana ba alhali babu abin da ya hana shi, yana iya rasa damar yin ƙara. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai. Gonar aro, haya ko jingina ba ta zama mallaka ta wannan hanya, amma sai an iya tabbatar da aron, abin da ke wuya idan shaidu sun rasu kuma babu rubutu.

Inda dokar ƙasa ta shigo

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara. Don haka a idon doka, haƙƙin riƙe gona da amfani da ita ake gada.

Ɗaukaka ƙara ma na da iyaka. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rikicin mallakar gona wanda bai shafi ɗayan waɗannan ba, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumin sauraron ɗaukaka ƙararsa. Mai ƙarar da ya kuskure kotu na iya shafe shekaru yana shari'a, daga bisani a rushe hukuncin saboda rashin hurumi.