Daren 4 ga Fabrairu 1872 da Matsalar Ƙayyade Shekaru a Tarihin Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa tattara tarihin baka a Ɗanzomo ko Maigatari ya san cewa dattawa ba sa ƙirga shekaru da alƙaluma. Da yunwa suke ƙirgawa, da yaƙi, da fara, da husufin rana. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu ƙara wata alama guda a kan waɗannan.

A daren 4 ga Fabrairu 1872, wato ƙarshen Zulƙida 1288, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, an ga wani haske a sararin sama a birnin Hartum da Bombay, irin wanda aka saba gani a ƙasashen ƙanƙara kawai. A wannan dare kuma wayar tangaraho ta rikice tsakanin Alƙahira da Hartum, haka ma wadda ta bi ƙarƙashin teku daga Bombay zuwa Adan.

Asalin abin daga rana yake. Tun 1843 Schwabe ya nuna cewa baƙaƙen tabo na fuskar rana suna yawaita su ragu, kuma daga baya aka tabbatar zagayen kimanin shekara 11 ne. A 1852 Sabine ya danganta wannan da rikicewar allurar maganaɗisu. Ran 1 ga Satumba 1859 Carrington ya ga walƙiya a jikin tabon da idonsa a Ingila, bayan kimanin awa 17 guguwar maganaɗisu ta afka wa duniya. Yanzu mun san rana kan yi aman ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Maganaɗisun duniya ya ja su wajen ƙuryar arewa da ta kudu, su bugi iskar sama ta yi haske. In guguwar ta tsananta, hasken yakan gangaro nesa. Iskar oksijin da ke sama da kilomita 200 ja take haskawa, shi ya sa mutanen ƙasashen zafi ja suke hangowa, can ƙasa-ƙasa ta arewa.

To, Hartum ba ta fi Gumel arewa da abin da ya wuce digiri uku ba. Saboda haka muna ganin ya dace a binciki daren nan a takardun malamai na Larabci da ajami, musamman na alhazai da suke bi ta Sudan, tunda lokacin aikin hajji ya gabato. Husufi ana iya lissafa ranarsa da alƙalami. Wannan kuwa sai an samu wanda ya rubuta.

Sai dai a yi hattara. Fabrairu lokacin hunturu ne, ƙura kan rina sama, gobarar daji ma haka. Kada mu karɓi labarin jan sama sai mai labari ya ambaci arewa, ya ce bayan lisha ne, kuma hasken ya daɗe ba tare da hayaƙi ba.