Yadda Fom na Intanet Ya Daina Mantuwa

Fom ya shigo shafukan intanet a 1993, lokacin da cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka ta sanya shi cikin manhajar Mosaic. A shekarar kuma NCSA ta fito da CGI, hanyar da sabar ke karɓar abin da aka cika. Sai dai ƙa'idar HTTP ba ta riƙe abin da ya wuce. Mutum ya cika gurabe, ya kuskure ɗaya, shafi ya dawo masa fayau.

Maganin daga sabar ya fito: ta sake gina shafin, ta mayar da kowace amsa gurbinta, ta nuna inda kuskuren yake. CGI.pm na Lincoln Stein, a harshen Perl, yana yin haka da kansa. PHP, da Rasmus Lerdorf ya saki a 1995, ya sauƙaƙa aikin ga masu koyo.

Kalmar sirri kam ba a mayar da ita, kuma sai an tace rubutun don kada ɓarayi su cusa umarni. Mai cika fom da waya a Birnin Ƙonni ko Malbaza, da katin wayar da ya saya da guminsa, shi ya fi morar wannan dabara ta mayar da amsoshi gurbinsu.